Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Yadda Ɗalibi Zai Ci Jarrabawar Fita Sakandare

Kowace shekara, da zarar ruwan shuka ya sauka a ƙasar Birnin Gwari, abubuwa biyu kan taso a lokaci ɗaya. Manomi yana neman iri da taki. Ɗansa kuma, wanda ke ajin ƙarshe na sakandare, yana shiga ɗakin jarrabawa. Uba ya sayar da buhunan masara ko waken suya ya biya kuɗin makaranta. Uwa ta sayar da akuya ta sayi littattafai. Shekara shida ana wahala. Amma idan sakamako ya fito, wani gida murna, wani gida jugum.

Mutane da yawa suna cewa cin jarrabawa sa'a ce, ko kuwa sai mai kaifin ƙwaƙwalwa. Ba haka abin yake ba. Sau da yawa abin da ke raba wanda ya ci da wanda ya faɗi shi ne yadda kowannensu ya yi karatu, da kuma lokacin da ya fara. Akwai hanyar karatu mai zama a kai, akwai kuma wadda ke zubewa kamar ruwa a kwando.

Jarrabawar da ke gaban yaro

Ya kamata iyaye su san sunayen jarrabawar nan, don su san abin da ake tambayarsu kuɗinsa.

Ta farko ita ce ta Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC, wadda aka kafa a 1952. Galibi ana yin ta ne a watannin Mayu da Yuni. Ta biyu ita ce ta hukumar NECO, wadda gwamnatin Nijeriya ta kafa a 1999. Ita kan biyo bayan ta WAEC, a tsakiyar damina. Masu karatun Larabci da addinin Musulunci suna da tasu hukumar, NBAIS. Sai kuma ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Ita ce ƙofar shiga jami'a da kwalejin horar da malamai da kwalejin kimiyya da fasaha.

A jarrabawar fita sakandare ɗalibi yakan zauna darussa takwas ko tara. Ana ba da sakamako daga A1 zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit, wato ci mai kyau. D7 da E8 ci ne mai rauni. F9 faɗuwa ce. Abin da jami'o'i ke nema shi ne kiredit biyar, da Turanci a cikinsu. Mai son aikin likita ko jinya ko injiniya ko aikin gona na zamani, dole ya haɗa da Lissafi.

A shekarar 2024 yara fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas suka zauna jarrabawar WAEC a Nijeriya. Kimanin 72 cikin 100 suka sami kiredit biyar da Turanci da Lissafi. Ashe ke nan fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba su samu ba.

Giɓin da rashin tsaro ya bari

Yaran ƙasar Birnin Gwari suna da wani nauyi da yaran wasu wurare ba su da shi. Shekarun rashin tsaro sun taɓa makarantu ƙwarai. A watan Maris na 2021 'yan bindiga sun shiga makarantar firamare ta ƙauyen Rama suka tafi da malamai uku. An rufe makarantu a ƙauyuka da dama. Iyalai sun bar gidajensu, wasu suka koma cikin gari, wasu Kaduna. A watan Nuwamba na 2024 aka yi zaman sulhu, Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka sake buɗe kasuwar kara bayan ta daɗe a rufe.

Amma karatun da ya wuce yaro ba ya dawowa da kansa. Yaran da ke firamare da ƙaramar sakandare a waɗancan shekaru su ne suka taso suka shiga babbar sakandare. Wani ya yi zango biyu ko uku ba ya zuwa aji. Wani an ciyar da shi gaba bai iya raba lamba ba. Hukumar jarrabawa kuwa tambaya ɗaya take yi wa ɗan Legas da ɗan Kuyello da ɗan Randagi. Ba ta rage wa kowa.

Saboda haka matakin farko ga irin wannan ɗalibi shi ne ya gane inda giɓinsa yake. Ya nemi manhajar jarrabawa wurin malaminsa. Ya bi ta kai bayan kai. Abin da ya sani ya sa masa alama. Abin da ba a taɓa koya masa ba ya rubuta shi a takarda daban. Idan ta kama ya koma littafin ƙaramar sakandare, ya koma. Ba abin kunya ba ne. Ginin da ba shi da tushe ba ya jure damina.

Kaɗan-kaɗan, kullum

Babban kuskuren ɗalibai shi ne jira. Sai jarrabawa ta rage mako biyu, sannan a kama kwana karatu. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

A yi lissafi a gani. Ɗalibin da ya fara daga farkon Oktoba, yana karatun awa ɗaya tak kowace rana, kafin ƙarshen Afrilu ya tara fiye da awa 200. Wanda ya jira sai saura mako biyu, ko da yana awa goma kullum, awa 140 kawai zai samu. Kuma yawancin abin da ya cusa wa kansa zai zube.

Dalilin zubewar sananne ne. A shekarar 1885 wani masani ɗan ƙasar Jamus mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan mantuwa. Ya gano cewa mutum ya fi yin mantuwa a awoyin farko da ranar farko bayan ya koyi abu. Ya kuma gano cewa idan aka rarraba maimaici a kan kwanaki, abin ya fi zama a kai fiye da a yi shi duka a zama ɗaya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san shi. Malam ba ya rubuta wa almajiri izu guda rana ɗaya. Yakan ba shi kaɗan. Sai ya iya, ya biya, sannan a wanke allo a yi ƙari. Kuma ba a barin na baya, kullum ana tishi. Da haka gardi ke kai wa ga hadda. Wannan tsari shi ne ɗan boko ya kamata ya ɗauka.

Ga yadda ake yi. Darasin da aka koyar yau, a duba shi yau da yamma. A sake duba shi gobe na minti goma. A koma masa bayan mako ɗaya. A kuma koma masa bayan wata ɗaya. Darasin da aka bi sau huɗu a haka ba ya saurin ɓacewa.

A rufe littafi a gwada kai

Kuskure na biyu shi ne karatun ido. Ɗalibi ya buɗe littafi ya karanta shafi sau biyar. Kalmomin sun zama sanannu a idonsa, sai ya ɗauka ya iya. Ran jarrabawa babu littafi a gabansa, sai kai ya ɗauke.

A shekarar 2006 wasu masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gwada wannan da ɗaliban jami'a. Suka ba su wani ɗan rubutu. Kashi ɗaya suka yi ta maimaita karanta shi. Ɗaya kashin suka karanta a zama ɗaya, aka karɓe takardar, aka sa su rubuta abin da suka tuna har sau uku. Bayan mako ɗaya aka gwada su duka. Masu maimaita karatu sun tuna kashi 40 cikin 100. Masu gwada kansu sun tuna kashi 61.

A nan ma makarantar allo ta riga ta nuna hanya. Ba a cewa almajiri ya haddace sai ya kifa allo ya kawo da ka. To haka ɗan sakandare zai yi. Ya karanta shafi ɗaya ko biyu. Ya rufe littafi. Ya ɗauki takarda ya rubuta abin da ya tuna, da kalmominsa. Sannan ya buɗe ya duba inda ya yi kuskure. Wurin da ya kasa, nan ne aikinsa na gobe.

Wannan hanya ta fi wuya, kuma ba ta da daɗi, domin tana nuna wa mutum abin da bai sani ba. Amma gara ya gane haka a ɗakinsa da ya gane a gaban mai tsaron jarrabawa.

Sai dai a lura da abu ɗaya. Hadda kaɗai ba ta isa ba. Masu shirya jarrabawa sukan juya tambaya. Wanda ya haddace bai fahimta ba, da an juya sai ya ruɗe. Alamar fahimta ita ce ɗalibi ya iya bayyana darasin da Hausa ga ƙanensa ko mahaifiyarsa har su gane. Idan ya karanta yadda tsiro ke samun abinci daga hasken rana da ruwa da iska, ya fita gona ya nuna a jikin ganyen masara. Abin da aka haɗa da rayuwa ba ya saurin fita.

Tambayoyin shekarun baya

Ana sayar da littattafan da suka tara tambayoyin WAEC da NECO da JAMB na shekarun baya. Idan kuɗi bai isa ba, yara huɗu ko biyar su haɗa su sayi ɗaya. Amma akwai yadda ake amfani da su. Kada a fara da duba amsa. A zauna da agogo, a amsa kamar ana cikin ɗakin jarrabawa, sannan a duba. Mai yin haka sau ɗaya a mako zai saba da salon tambaya, zai kuma koyi rabon lokaci.

Turanci da Lissafi

Waɗannan biyu su ne suka fi kayar da yara, kuma kowanne da yadda ake kama shi.

Lissafi ba a karanta shi kamar labari. Da hannu ake koyonsa, kamar saƙa ko ƙira. Ɗalibi ya warware tambaya biyar zuwa goma kowace rana. Ya riƙa rubuta matakan aikinsa ɗaya bayan ɗaya, domin masu duba takarda suna ba da maki a kan matakai, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba.

Turanci kuwa sai da yawan karantawa da rubutawa. A jarrabawar WAEC ana sa ɗalibi ya rubuta insha'i ko wasiƙa ko jawabi na kalmomi kamar 450. Wanda bai taɓa rubuta shafi guda da kansa ba, ba zai iya ran nan ba. Ya kamata ya rubuta wasiƙa ko insha'i ɗaya kowane mako ya kai wa malami ya gyara. Ya riƙa karanta shafi ɗaya da ƙarfi kullum. Ya ajiye ƙaramin littafi na sababbin kalmomi. Sauraron labaran Turanci a rediyo shi ma yana gyara kunne.

Kada kuma a raina darasin Hausa don ana jin harshen. Jarrabawar tana tambayar ƙa'idojin rubutu da nahawu da adabi da al'ada. Akwai littattafan da aka zaɓa, kuma sai an karanta su. Kiredit ne mai sauƙin samu ga wanda ya shirya, mai sauƙin kuɓucewa ga wanda ya yi sakaci.

Lokaci da wuri

Yaron karkara ba ya rasa aiki. Akwai gona, akwai kiwo, akwai ɗiban ruwa da itace. Saboda haka sai an tsara lokaci. Zangon farko na makaranta yakan haɗu da kaka. Jarrabawa kuma takan haɗu da shuka da noman fari. Watannin rani, daga Janairu zuwa Maris, su ne lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. Ɗalibi mai hankali a nan yake cin ƙarfin karatunsa.

A cikin yini kuma, lokacin da ya fi kyau shi ne bayan asuba, kai yana sake, gari shiru. Minti arba'in a wannan lokaci ya dace da darasi mai wuya kamar Lissafi. Bayan la'asar, da sauran hasken rana, a duba abin da aka koya a aji. Bayan isha'i a yi tishi. Kada a wuce minti arba'in ba a ɗan miƙe an huta ba. A rubuta jadawali a manna a bango, darasi biyu kowace rana, kada a bar mai wuya sai ƙarshe.

Ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana ta fi aci-balbal, domin ba ta hayaƙi, ba ta cin mai. Wayar hannu kuma a kashe ta lokacin karatu, sai fa idan da ita ake aikin tambayoyi.

Barci da lafiya

Wasu ɗalibai sukan ci goro ko su sha shayi mai kauri don su kwana ido biyu. Wasu har sukan kai ga ƙwayoyi irin su tiramadol. Wannan ɓarna ce. Ƙwaya ba ta ƙara basira, sai dai ta lalata lafiya da hankali.

Barci kansa wani ɓangare ne na karatu. Tun a 1924 masana a jami'ar Cornell ta Amurka suka nuna cewa wanda ya koyi abu ya kwanta ya fi tuna shi fiye da wanda ya koya ya ci gaba da harkokinsa. Likitoci sun ce matashi yana bukatar barcin awa takwas zuwa goma. Kuma tun da lokacin jarrabawa lokacin sauro ne, a kwana cikin gidan sauro. Zazzaɓin kwana uku yana iya cinye wahalar shekara uku.

Karatun taro

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗalibai uku zuwa biyar suna iya haɗuwa sau biyu a mako, a zaure ko a makaranta, da rana. Kowa ya ɗauki kai ɗaya ya koyar da sauran, su kuma su yi masa tambayoyi. Mai koyarwa shi ya fi kowa ƙaruwa. Idan taron ya wuce mutum biyar yakan koma hira. Abin da ya gagari kowa a rubuta a kai wa malami, ko wani ɗan gari da ke kwaleji idan ya zo hutu. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin iyaye

Uba ko uwa ba sai sun iya Turanci ba kafin su taimaka. Ga abubuwan da ke hannunsu.

Na ɗaya, su ba yaro lokaci. A watanni uku na ƙarshe a rage masa aikin gona da aike. 'Ya mace ta fi bukatar wannan, domin daka da girki da talla da reno sukan cinye mata yini. Awa biyu da aka ɗauke mata kullum suna iya zama sanadin samun malamar asibiti a garin.

Na biyu, su tabbatar yaro yana zuwa aji kullum tun daga aji huɗu. Makarantu suna aika wa hukumar jarrabawa makin gwaje-gwajen da ake yi a aji. Fashin ranar kasuwa yana da illa.

Na uku, su tambaya. Mahaifin da ya iya karatun Hausa zai iya duba jadawalin da ke bango, ya duba kwanan wata a littafin rubutu. Zai iya cewa, "Rufe littafin ka gaya mini abin da ka karanta." Wannan tambaya kaɗai babban taimako ce.

Na huɗu, su yi tanadin kuɗin rajista tun da kaka, lokacin da amfanin gona ke hannu. Su kuma nema wa yaro lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, da wuri, domin tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita. A duba sunan yaro da ranar haihuwarsa su zama iri ɗaya a duk takardu.

Jarrabawa da kwamfuta

Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya da kwamfuta ake yin ta. Darussa huɗu ne, tambayoyi 180 cikin awa biyu, jimlar maki 400. A 2024 WAEC ma ta fara amfani da kwamfuta ga masu zama jarrabawa daga waje. Yaron da bai taɓa taɓa kwamfuta ba yakan firgita ko da ya san amsa. Ya kamata ya nemi inda zai gwada hannunsa sau da yawa kafin ranar. JAMB takan shirya jarrabawar gwaji, kuma yana da kyau a zauna ta. Idan an tura yaro wata cibiya a Kaduna ko Zariya, ya tafi tun ana gobe, da rana, ya kwana kusa.

Satar amsa

Akwai masu karɓar kuɗi da alkawarin kawo amsa, ko kai yaro wata cibiya inda ake rubuta wa ɗalibai. A guje su. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara ko ɗauri. Hukumomin sukan riƙe sakamako ko su soke shi, wani lokaci har na makaranta sukutum. Wanda kuma ya tsira da takardar da ba tasa ba, a gaba asirinsa zai tonu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ranar jarrabawa

A kwanta da wuri. A karya kumallo. A isa kafin lokaci da biro biyu da fensir da abin gogewa. A rubuta suna da lamba daidai. A karanta umarnin da ke saman takarda sau biyu, domin wani yakan amsa tambaya uku alhali biyar aka nema. A fara da tambayar da aka fi sani. A raba lokaci, kada tambaya ɗaya ta cinye rabin awa. A bar minti goma na ƙarshe don dubawa.

Wanda bai samu kiredit biyar ba, kada ya yanke ƙauna. WAEC da NECO duk suna shirya jarrabawa ga masu zama daga waje, kuma makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe.

Ƙasar Birnin Gwari tana bukatar malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da malaman gona daga cikin 'ya'yanta, waɗanda za su zauna a Dogon Dawa da Kakangi da Tabanni ba su gudu ba. Dukkansu ta wannan ƙofa za su bi. Ɗalibin da ke aji shida ya rubuta jadawalinsa yau. Na aji huɗu da aji biyar kuma kada su jira. Allah Ya ba yaranmu sa'a, Ya zaunar da ƙasa lafiya.